Yadda Ake Kula da Lambun Gida a Zafin Bazara

A birnin Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, don haka a yi ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a zuba a gindin shuka har ƙasa ta jiƙa sosai, domin yayyafin tsakar rana ƙafewa yake yi kafin ya kai saiwa. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa don danshi ya daɗe. Na'ana'a da latas suna bukatar rumfar zana, tumatir kuwa furensa yakan zube, amma kuɓewa da alayyafo suna jurewa. A guji ɗanyen kashin kaji, yana ƙona saiwa.