Yadda za ka yi kyautar gida ba tare da ka bar wa yara rigima ba

'Yan uwa mazauna Makka da Jidda, rigimar gado yawanci daga "ai Baba ya ba ni" take farawa, ba takarda ba shaida.

In za ka ba ɗanka gida to ka yi da lafiyarka, ka je Kitabatul Adli, ofishin gwamnati mai rubuta takardun mallaka, a mayar da sakkin gidan, wato takardar mallakarshi, sunan ɗan, don dokar Saudiyya ta 2023 ba ta ɗaukar kyautar gida ko fili sai an rubuta a hukumance. In kuma gidan a Kano yake, malamanmu na Malikiyya cewa suke sai ya karɓa ya riƙe kafin ka rasu, ka miƙa mishi makulli gaban shaidu, shi ke karɓar haya ba kai ba, in ba haka ba gidan ya koma gado. Kyautar ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya gare ta, ba ta wuce sulusi, kuma magaji ba ya samu sai sauran sun yarda.

Don Allah a daidaita tsakanin yara har mata, Annabi (SAW) ya ƙi shaidar kyautar da baban Nu'umanu ɗan Bashir ya yi mishi shi kaɗai.

In an yi rasuwa a fara ciro sakkin ƙididdigar magada ta Najiz, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a ta Saudiyya, a biya bashi, sannan rabo.