Haɗa darasin bidiyo da waya, ga ɗalibin digiri na biyu a fasahar koyarwa

Kafin ka taɓa waya, ka san wa za ka koyar. Tsarin ADDIE, hanyar shirya darasi da ake bi a wannan fanni, matakai 5 ne, na farkonsa nazarin ɗalibi: ɗan aji nawa ne, me ya riga ya sani, wayar gidansu za ta buɗe bidiyo mai nauyi?

Sai ka rubuta manufa ɗaya tak. "Yaro zai raba 12 gida 3" ta fi "yaro zai fahimci lissafi", don ta farko ana iya gwada ta.

Wajen ɗauka, jingina wayar a kwance jikin tarin littattafai, taga tana gabanka, ba bayanka ba, in ba haka ba fuskarka za ta yi duhu. In gidanku na kusa da titin Ƙofar Ƙaura a Katsina, yi da sassafe, gari ya waye amma 'yan Keke ba su fito ba. Kada bidiyon ya wuce minti 5.

Kafin ka kai wa malaminka, nuna wa yara uku a unguwa, ka yi musu tambayoyi biyu. Inda suka yi tuntuɓe, nan za ka sake ɗauka.