Kurakuran da ake yi wajen gyaran aksul ɗin baya na akori-kura

Duk wanda ya taɓa ɗauko masara daga Giwa ko rake daga Maƙarfi a tsohuwar akori-kura ya san wannan kukan, wani gurnani da ke tasowa daga ƙarƙashin bodi idan mota ta ɗau hanya. Da an ji shi sai a ce aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, ya tafi, a fara lissafin kuɗin sabo. To a nan ake fara ɓata.

Ba kowane kuka ne na difa ba, wato tulun giyoyin da ke tsakiyar aksul mai raba juyi zuwa tayoyin baya. Hau titin da ba cunkoso, kamar hanyar Funtua bayan an wuce Samaru, ka saurara. Kukan da yake ƙaruwa in ka taka totur, ya sauya murya in ka ɗaga ƙafa, na haƙoran cikin difa ne ko boris ɗin ƙaramar giyar da ke juya su. Wanda yake ƙaruwa a kwana ɗaya ya lafa a ɗaya kwanar, boris ɗin taya ne, aiki ne na wuni guda. In kuwa "ƙwas" kake ji lokacin sa giya ko tashi, duba kuros, wato gaɓar furofela (doguwar sandar da ke kai juyi daga akwatin giya zuwa difa), tukuna. Mutane da yawa sun sauke aksul sukutum saboda kuros.

Sai batun mai. Za ka ga cikin tayar baya ya jiƙe sharkaf, a canja sil, robar da ke tare mai, bayan sati biyu ya dawo. A canja kuma. Sau da yawa laifin na ɗan bututun numfashi ne da ke saman aksul. Ƙurar hunturu da taɓon damina sun toshe shi, mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita sai ta tura shi ta sil. Kwance bututun, wanke da kananzir, ka busa ka ji iska na wucewa. Takalmin birkin da ya sha mai kuwa ya gama aiki. Wanke shi da fetur ko babbaka shi a wuta, kamar yadda wasu yaran gareji ke yi, ba ya fitar da man da ya shige ciki, kuma a gangara da lodi za ka gane haka. Kada kuma a zuba baƙin man inji a difa don ya fi araha. Man giya mai lamba 90 ake sawa, a cika har ya fara fitowa ta ramin gefe, mota na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi ni ma na afka masa. Na sayi aksul ɗan Beljiyam don Hilux ɗina, faɗi ɗaya, ramukan noti ɗaya, aka ɗaura cikin murna. Da na loda buhu na doshi gari, sai mota ta koma kamar jakin da ya kwana bai ci ba, tudu kaɗan sai giya ta biyu. Na koma wajen tsohon bakaniken da na tsallake don ina gaggawa. Bai ce komai ba, ya sa yaronsa ya jawo tsohon difan daga bayan shago, ya ɗauki alli ya ƙirga haƙora. Babbar giya 41, ƙarama 9. Aka buɗe sabon: 41 da 10. "Alhaji, haƙori ɗaya ne ya raba ku," in ji shi. Na farko furofela na juyawa kusan sau huɗu da rabi kafin taya ta zagaya sau ɗaya, na biyun sau huɗu da ɗan ɗoriya. Gudu ya ƙaru, ƙarfin jan kaya ya ragu. A mota mai jan ƙafa huɗu abin ya fi muni, domin in gaba da baya suka saɓa, junansu za su riƙa ja har wani abu ya karye. Ko a Panteka ta Kaduna za ka saya ko a nan Sabon Gari, tafi da lissafin haƙoranka a rubuce, ka sa a ƙirga a gabanka.

Babbar giya da ƙarama kuma tare aka haife su a masana'anta, tare suka goge juna. Ɗauko ɗaya daga wannan difa, ɗaya daga waccan, ɓarnar kuɗi ce. In an haɗa, a shafa fenti a haƙora a juya, a ga tabon ya zauna a tsakiya, ba a baki ko a gindi ba. Ɗaurin notin gaban difa shi ma yana da iyaka. Masu sa dogon bututu a sifana su hau kai da ƙafa, boris suke ƙonawa.

Boris ɗin taya da zoben da ke riƙe shi, da injin matsi ake shigar da su. Guduma tana fasa su tun kafin su fara aiki. Zoben da aka cire ba ya komawa, ɗiga masa walda kuma yana raunana sandar aksul da ke juya taya, wata rana taya ta fice da ita a kan hanya.

Wajen ɗaurawa, a tabbata kan kusar tsakiyar sifirin ya faɗa raminsa a kowane gefe. In bai zauna ba, mota za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare, tana cin taya. Ƙarafan da ke rungume aksul da sifirin a sa sababbi, a ƙara ɗaure su bayan lodin farko, don suna saki. A fitar da iska daga birki kafin a bar gareji.

Kuma don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ko bulon siminti. Bulo ba ya gargaɗi kafin ya farfashe. A sa ƙafar ƙarfe ko gungumen katako mai kauri a ƙarƙashin shasi, a danne tayoyin gaba da dutse.