Kafin ku je wurin sabon likita a Amurka

'Yan uwa mazauna Amurka, kafin ku kai iyali wurin sabon likita, ku shiga DocInfo.org ku rubuta sunansa. Kyauta ne. Za ku ga jihohin da yake da lasisi, da ko wata hukumar likitoci ta taɓa hukunta shi.

Kowace jiha da hukumar likitocinta, don haka lasisin Texas ba ya aiki a Kalifoniya. In likita ya yi sakaci, ko ya taɓa majiyyaci yadda bai dace ba, hukumar jihar za ku rubuta wa. Ku sa ranar da abin ya faru, ku haɗa takardun asibiti. Tana iya dakatar da shi, ko ta ƙwace lasisin ɗungurungum. Diyya kam ba huruminta ba ne, sai kotu.