Idan an ba ka aikin ejan a zaɓen sanata mai zafi

Ɗan'uwa, idan jam'iyya ta ɗora ka a rumfa ranar zaɓen sanata, ka sani takarda guda ce aka tura ka ka kawo: kwafin sakamakon rumfarka, mai sa hannun jami'in zaɓe da hatimi. Na yi wannan aiki a mazaɓarmu, na kuma koya wa matasa shi, kuma abin da ke ci mini rai shi ne yadda ejan zai yini a rana, da an gama ƙirga ya ruga gidan ɗan takara da albishir, ya bar takardar a baya.

Dubi Kogi ta Tsakiya a 2023. INEC ta ce Abubakar Sadiku-Ohere na APC ya samu ƙuri'a 52,132, Natasha Akpoti-Uduaghan ta PDP kuma 51,763. Tazarar 369 ce kacal a ƙananan hukumomi biyar. Da aka je kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a Lokoja, alƙalai suka gano cewa a wasu rumfuna na ƙaramar hukumar Ajaokuta an ƙara wa ɗaya an rage wa ɗaya wajen tattara sakamako, wasu rumfunan ma ba a shigar da su ba. A watan Satumba kotu ta ba Natasha kujerar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a ƙarshen Oktoba. Takardun rumfa ne suka yi wannan aiki.

To, ka isa da wuri, kafin ƙarfe takwas da rabi da ake buɗe rumfa, da katin shaidarka na ejan a wuya. Ka ga an nuna akwati babu komai a ciki. Ka nemi a nuna maka na'urar BVAS tana kan sifili kafin a tantance mutum na farko. Ka taho da biro biyu, da littafi, da waya cike da caji. Abinci da ruwa ma ka zo da naka, domin wanda ya tafi neman abinci da azahar bai san abin da aka yi a bayansa ba. Sallah kuwa ku yi ta karɓa-karɓa da wani amintacce.

Ƙarfe biyu da rabi ake rufe layi, amma duk wanda ke kan layi a lokacin yana da haƙƙin jefa ƙuri'a. Kada ka yarda a kore shi, ko da ka san ba naku ba ne.

Kafin a fara ƙirga, ka rubuta adadin mutanen da na'ura ta tantance. Wannan lambar ita ce ran rumfar. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'un da aka jefa suka haura yawan waɗanda aka tantance, an yi aringizo, a soke sakamakon rumfar baki ɗaya. Saboda haka idan wani ɗan jam'iyyarku ya zo yana raɗa maka cewa a ƙara 'yan ƙuri'u, ka hana shi. Haramun ne, kuma ƙuri'un mutanen kirki da suka sha rana zai jawo a zubar. Soke rumfuna ne ke kai ga a ce zaɓe bai kammala ba, idan tazarar da ke tsakanin 'yan takara ba ta kai yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ba. Haka aka yi a Sakkwato a 2023: kujerun sanata uku duk suka tsaya cak, Aliyu Wamakko da Aminu Tambuwal da Ibrahim Lamido sai da suka jira zaɓen cike gurbi na 15 ga Afrilu.

Wajen ware lalatattun ƙuri'u ka buɗe ido sosai. A zaɓe mai tazarar ɗari uku, ƙuri'a biyu a kowace rumfa ta isa ta juya lissafi. Idan dangwalen ya nuna a fili wanda mai zaɓe yake nufi, ka yi magana cikin ladabi, ka ce, “Ranka ya daɗe, a sake duba wannan.”

Da an cike fom EC8A na sanata, wato takardar sakamakon rumfa, ka karanta lambobi da kalmomi, ka ga sun yi daidai. Ka sa hannu, ka karɓi kwafinka, ka ɗauki hotonsa da na wanda aka manna a bango. Wasu kan ƙi sa hannu don sun faɗi. Ni ban ga amfanin hakan ba, domin ƙin sa hannunka ba ya soke sakamako. Idan kana da ƙorafi, rubuta shi da lokacin da abin ya faru.

Daga nan ka bi jami'in zaɓe ƙafa da ƙafa zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, inda ake kwafe lambobi zuwa fom EC8B. A nan ne, cikin dare da gajiya, 181 ke komawa 81. Ka miƙa wa ejan ɗinku na mazaɓa hoton takardarka, ka tsaya har a karanta lambar rumfarka da ƙarfi.

Asalin takardar kuma ka adana ta a leda, kada ka ba kowa sai lauyan ɗan takara. Kwana 21 kawai ake da su a shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, kotu na da kwana 180 ta yanke hukunci, kuma shari'ar sanata a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Alƙalai na son shaidar wanda ya tsaya a rumfar da kansa, don haka kada ka canza lambar waya, kuma in za ka yi tafiya mai nisa a watannin nan ka sanar da lauya.