Kurakuran sabbin malamai: "Kun gane?" ba gwaji ba ne

Kowace shekara sabbin malamai suna shiga azuzuwan Damagaram, daga Birni har Garin Malam, da kuskure iri ɗaya. A cika tabulo da rubutu, yara su kwafe a kaye, su maimaita da ƙarfi, sai malam ya ce "Kun gane?" Aji ya ɗauka: "Wi, mushe!" Ranar jarrabawa kuma takarda fari fat.

Yaron da ke kallon amsa yana faɗinta bai motsa ƙwaƙwalwarsa ba, kuma abin da ba a sha wuyar tunowa ba, ba ya zama. A 2006 masu bincike biyu, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan a Amurka. Ɗaliban da suka yi ta sake karanta darasi, bayan mako guda kashi 40 cikin ɗari suka tuna. Waɗanda suka karanta a zama ɗaya kawai aka yi ta sa su faɗo shi da ka, kashi 61.

To malam, goge tabulon nan, a rufe kaye! Minti 5 na farko, tambaya 3: biyu daga karatun jiya, ɗaya daga na makon jiya. Kowa ya rubuta a ardwaz ɗinsa, ka buga tebur, su ɗaga tare. Ko yara 80 ne, da kallo guda za ka ga wanda aka bari a baya. Gyara nan take, in ba haka ba kuskuren ne zai zauna masa. Kada ka ba da maki a kan wannan. Da jan biro ya shigo, sai leƙen na maƙwabci.

Kuskure na biyu, a gama babi a binne shi sai jarrabawa ta ƙarato. Tun 1885 Ebbinghaus, wani masani Bajamushe, ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko. Alarammomi ba su jira shi ba: wa ya taɓa wanke allo ya daina tishi? Dawo da darasi washegari, bayan kwana 3, bayan mako, bayan wata. Na fi son a rubuta ranakun a gefen kayen shiri, don malam ma yana mantuwa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka yi bayani yara suna kwafa, ɗaya za su kama. Sabon abu kada ya wuce 3 ko 4 a zama guda. A lissafi, in an iya tarawa da ɗebewa, cakuɗa su, don yaro ya koyi zaɓen wadda ta dace. In ka yi tambaya, ƙirga biyar a zuci, sannan ka kira ɗan bencin baya wanda bai ɗaga hannu ba.