Darasi: Nauyin Sitiyari Lokacin da Mota Take Silo

Mota tana gudu a kan titi, sitiyari ba nauyi, da yatsu biyu ma a juya shi. Amma da an zo ajiye ta, ko za a yi kwana a matsattsen wuri, sai ya ƙage, sai an haɗa da hannu biyu. Da yawan direbobi daga nan sai su ce famfon sitiyari ya mutu, su nufi sayen sabo. Kada ku yi wannan gaggawa, domin sau da yawa abin bai kai can ba.

A motocin da sitiyarinsu ke aiki da mai, akwai famfo da ke tura man da ƙarfi zuwa rak, wato sandar ƙarfen da ke tura tayoyin gaba dama da hagu. Bel ne ke jan wannan famfo daga inji. Idan mota tana silo, wato inji a kunne ba a taka totur ba, injin yawancin ƙananan motoci yana juyi tsakanin 600 da 900 ne a minti ɗaya, saboda haka famfon ma a hankali yake aiki. Ga shi kuma tayar da ke tsaye ta fi mai gudu wuyar murɗawa. Shi ya sa duk wani rauni a silo yake fara nuna kansa.

Ku fara da gwajin da ba ya buƙatar ko sifana. Ku ja birkin hannu, ku sa giya a furi, ku tayar da mota, ku juya sitiyari ku ji nauyinsa. Sai ku ɗan taka totur har allurar da ke nuna juyin inji ta kai wajen 1,500, ku sake juyawa. In ya saki, to ƙarfin mai ne ba ya isa a silo, sai a nemi laifin a wurin mai, ko bel, ko famfo, ko kuma silon ne ya yi ƙasa da yawa. In nauyin yana nan daram, ku mai da hankali ga taya da ƙafar mota. Tayar gaba da iska ta yi mata kaɗan tana jawo nauyi sosai. Yawan iskar da ake so galibi yana rubuce a wajen ƙofar direba.

Daga nan ku kashe mota, ku buɗe bonet, ku duba tankin man sitiyari. A jikinsa ko a sandar murfinsa akwai alamun MIN da MAX, kuma a tsakaninsu mai zai tsaya. In ya sauka, ku sani mai ba ya ƙarewa haka kawai, akwai inda yake yoyo. Ku bi tiyo da ido, ku shafa bakin inda aka ɗaure shi, ku leƙa robar da ke gefen rak ko ta jiƙe. Ku ɗiga man a farar takarda. Mai lafiya garau yake, ja ko ruwan zuma. Wanda ya yi baƙi yana ƙauri ya gama aiki, a canja shi. Kuma ba kowane mai ake zubawa ba: wasu motoci man giya na ATF suke sha, wasu kamar Honda suna da nasu. Abin da aka rubuta a murfi ko a littafin mota shi za ku bi.

Idan kun ga kumfa a tankin, ko famfo yana kuka duk sanda aka juya, iska ce ta shiga. Bayan an toshe inda take shiga, a ɗaga gaban mota da jak, a tokare ta da kyau, a yi ta juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe inji a kashe, ana ƙara mai har kumfar ta daina.

Bel kuwa da kansa yake kai ƙara. In kun juya sitiyari kuka ji ƙara mai tsini, zamewa yake yi. Ku danna shi da babban yatsa, ku duba ko ya saki, ko ya tsattsage, ko ya yi sulɓi. Kada hannu ko tufa su kusanci bel inji yana aiki.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan a zargi famfo, kuma ko a nan ku nemi makanike ya auna ƙarfinsa kafin a cire. Wata ɗabi'a da ke kashe famfo ita ce danne sitiyari a ƙarshe. Kada ku wuce daƙiƙa 5 a haka.

Motoci da yawa na yanzu ba su da tankin nan, sitiyarinsu na lantarki ne. A irinsu batir da caja, wato na'urar da ke cajin batir, ake aunawa: a kashe kusan volt 12.6, a kunne 13.5 zuwa 14.5.

Aikin gida: ku buɗe bonet ɗin wata mota tare da mai ita, ku nemo tankin man sitiyari, ku rubuta a littafinku inda man ya tsaya da launinsa.